Layin Maƙera a Kasuwar Dakoro

Ranar Juma'a kasuwar Dakoro take ci. Wanda ya taso daga Maradi ya miƙa arewa, tafiyar kilomita wajen 120, zai ga gonakin hatsi suna ta sirancewa har ya iso inda noma da kiwo suka yi iyaka. Garin ba tsoho ba ne, don a 1947 Turawan Faransa suka kafa bariki a nan, amma wurin da ya zauna ya ba shi kasuwa. Daga kudu manoman Kornaka suna kawo hatsi da wake, daga arewa Fulani da Buzaye suna gangarowa ta kwarin Tarka, daga wajen Bermo da Gadabeji, da raƙuma da jajayen shanu masu dogon ƙaho. Yawancin jama'a don bisashe suke zuwa. Sai dai makiyayin da ya sayar da bijimi ba ya komawa daji hannu rabbana: zai sayi hatsi da shayi da sukari, kuma sau da yawa zai ratsa wajen maƙera.

Kayan maƙeran a shimfiɗe suke bisa tabarma ko buhu: hauya, gatari, lauje, linzami, aska, sai wuƙaƙe jere, ƙanana gaba, manya baya. Akwai wuƙar mahauta mai faɗin ciki, akwai siririyar wuƙar fiɗa, akwai wuƙar damtse mai zoben fata da ake zura hannu a ciki ta ɓuya ƙarƙashin riga. Takubba kuwa ba a cika zube su a ƙasa ba, jingine su ake yi ko a rataye. Maƙeran iri biyu ne, na Hausa da na Buzaye. Wajen Hausawa maƙeri ya ƙera, baduku ya ɗinka kube. Wajen Buzaye aikin ba ya fita gida: miji yana bakin wuta, matarsa tana aikin fata, ita ce mai sa ja da tsanwa da zanen da ke jikin kuben.

Kusan duk wuƙar kirki da za ka gani a nan daga sifirin tsohuwar mota ta fito. Narka tama ya daɗe da mutuwa a ƙasar Hausa, tun da ƙarfen Turawa ya wadata. Maƙeri ya sayi sifirin, ya sare shi da kurfi, yaro yana zuga, gawayi yana ci, ya buga da masaba bisa uwar maƙera har siffa ta fito, ya bi da magagari, sannan ya ba ta ruwa. A nan gwaninta take. In ruwan ya yi yawa bakin ya riƙa ɓantarewa, in ya yi kaɗan ta dakushe tun ba a gama fiɗar akuya ɗaya ba. Mai son sauri yakan yanki ƙarfen tano ko wani falle mai taushi ya goge shi ya yi ƙyalli, kuma daga nesa ba za ka bambance su ba.

Saboda haka ba a sayen wuƙa da ido kaɗai, amma gwajin ma yana da ladabinsa. Ba ka kai hannu ka zare abin mutum ba tare da ka tambaya ba. Ka yi sallama, ka tsuguna, ka ce, "Baba, barka da kasuwa. In duba wannan?" Shi zai miƙo maka da marikin wajenka, tsinin wajensa, haka kuma za ka mayar. Takobi ba a zare shi duka cikin taro, taƙi ɗaya ko biyu ya isa a ga ƙarfen. In lallai sai an gani har baki, a koma gefe, a juya wa mutane baya. Mai saye yakan ƙyasta ƙarfen da farce ya kai kunne, ya ɗan tanƙwara shi ya ga ko zai koma daidai, ya gwada kaifin a gashin hannunsa. Abin da ba a yi shi ne sara wuƙar wani a kan ta wani don a ga wadda za ta ci ƴar'uwarta. Wanda ya yi haka ya saya ke nan, ko yana so ko ba ya so.

Farashi ba a rubuce yake ba. Da dala ake lissafi, wato sefa biyar, jikka kuma sefa dubu, abin da kan rikita baƙon da ya zo da naira daga Jibiya ko Katsina. Ciniki yakan tafi kamar haka:

"Baba, nawa za ku bar mini?"

"Taya dai, ɗana."

"Jikka biyu."

"Albarka. Ko kuɗin ƙarfe da gawayi ba su fita ba."

"To na ƙara dala ɗari."

"Ƙara dai. Dubi kuben nan, kwana nawa kake tsammani aka yi ana ɗinkinsa?"

Haka za a yi ta ja har maƙerin ya ce ya sallama. Daga nan magana ta ƙare. Wanda ya taya aka sallama masa, sannan ya miƙe ya kakkaɓe riga ya tafi, ya zubar da girmansa, kuma za a gane fuskarsa wata Juma'ar. Haka nan muddin ana cikin ciniki, na gefe ba ya tsoma baki da ƙarin kuɗi sai na farko ya janye. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanci Risala ya san an hana shiga cinikin wani, an hana ɓoye aibin kaya. Maƙeran da ba su taɓa buɗe littafin ba ma sun san waɗannan, a wajen iyayensu suka tarar.

Wuƙar da aka sa a ƙera ita ce mai yawan rigima. Mutum ya zo ya kwatanta tsawon da yake so da kara, ya ce a sa masa jan ƙarfe a mariki, ya ba da kafin alƙalami, aka yi alkawarin Juma'a biyu. Ana nan sai Babbar Salla ta matso, kowa yana neman wuƙar layya, wani ya ga wuƙar ya taya ta da abin da ya fi. Maƙerin da ya san ciwon kansa zai ce tana da mai ita. Wanda bai sani ba zai sayar, ya ce wa na farko gawayi ne ya yanke. Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai mai sa aiki ya ɓace wata uku, ya dawo yana neman ragi a kan kuɗin da aka riga aka yanke. Irin wannan ƙara ce takan kai gaban Sarkin Maƙera ko dattawan layin, kuma galibi a tsaye ake kashe ta.

Duk wannan cinikin masu amfani da wuƙa ne, kuma yana da ma'auni: ƙarfe, gawayi, fata, kwanakin aiki, da sunan wanda ya ƙera. Inda ma'aunin yake ɓacewa shi ne wajen tsohon takobi, wanda masu tara kayan tarihi suke nema. Nan ba kaifi ake saye ba, asali ake saye. Tun ƙarnuka da suka wuce ana shigo da ruwan takubba daga Turai ta hamada, maƙeran ƙasar nan su yi musu mariki da kube. Lokacin da Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ana shigo da wajen 50,000 a shekara, akasarinsu daga Solingen ta Jamus. Irin waɗannan sukan zo da tambari, wanda aka fi sani shi ne na jinjirin wata biyu masu fuskar mutum. Da maƙeran gida suka ga tambarin yana ƙara daraja, sai su ma suka riƙa buga shi a kan nasu, kuma tun da daɗewa suke yi. Don haka takobi yana iya zama tsoho na gaske, tambarinsa kuma na kwaikwayo. Mai saye daga Faransa ko Amurka da ya ga wata biyu ya ɗauka ya yi tsintuwa, shi ya yaudari kansa.

Akwai kuma yaudarar da ake yi da gangan. A binne sabon ƙarfe cikin danshi da gishiri ya yi tsatsa, a turara kube da hayaƙi, a shafe shi da man shanu, a haɗa masa labarin wani kaka da ya je yaƙi da shi. Dillalan da ke kai kaya Yamai da Agadas da kasuwar Kurmi ta Kano sun san wannan sarai, kuma yanzu da hoto ya isa a tura ta WhatsApp, mai sayen ba ya ko taɓa ƙarfen. A ganina, tsawwala wa baƙo kuɗi ba zalunci ba ne. Yana da bakin cewa ya yi tsada, kuma abin da zai biya a Dakoro bai kai abin da za a sayar masa a Turai ba. Zaluncin shi ne a ce masa na kaka ne alhali bara aka ƙera shi. Abin takaici, sabon takobin da gwani ya ƙera abin alfahari ne a kan kansa, amma sai a lalata shi da tsatsa, a shafe sunan mai aikin, don a samu jikka goma ta ƙari.

Masu sayen ma ba duka ne hannunsu yake da tsabta ba. Buzu ba ya rabuwa da takobin gidansu don marmari. A farin 1973 da na 1984, da dabbobi suka ƙare, da yawa sun fito da takubba da azurfar matansu suka sayar a kan abin da bai taka kara ya karya ba, don su auni hatsi. Yunwar 2005 ma ta taɓa yankin Dakoro ƙwarai. Dillalin da ya san darajar abu, ya ga mai shi da yara a bayansa, ya taya shi da kuɗin tiya biyar, ba za a ce ya yi ƙarya ba, amma kowa a layin ya san abin da ya yi. Dattawan kirki sukan ja irin wannan mai takobin gefe su ce, "Malam, kada ka sallama, abin nan ya fi haka," ko su ba shi shawarar ya jinginar da shi wajen wanda ya yarda da shi har kaka. Nijar tana da dokar 1997 da ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba, sai dai takobi a cikin buhun mota ba ya da wuyar ɓoyewa.

Baƙin Turawa masu yawo da kansu sun ɗauke ƙafa tun tawayen 2007 da sace-sacen mutanen da suka biyo baya, don haka cinikin layin ya koma hannun masu shi na asali: mahauci, makiyayi, saurayin Bororo da ke son ya rataya takobi ya shiga taron dangi bayan damina, da maigidan da ragon layyarsa ke ɗaure. Waɗannan ba sa biyan kuɗin labari. In wuƙa ta dakushe da wuri, Juma'a mai zuwa za su dawo da ita, su ajiye ta gaban maƙerin a bainar jama'a, su tambaye shi da wane ƙarfe ya yi ta.