Ƙauyen fim ɗin da aka hana Ƙofa

A shekarar 2016 gwamnatin Buhari ta ce za ta gina ƙauyen shirya fina-finai a garinmu Ƙofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, a kan kuɗi kusan naira biliyan 3. Ɗan majalisarmu na Kiru da Bebeji, Abdulmumin Jibrin, yana cikin masu tura maganar. Malamai a birnin Kano suka hau mumbari suka ce za a kawo mana matattarar baɗala, kafin watan Yuli ya fita an soke aikin. Ni malamin makaranta ne, ina girmama malamanmu, kuma tsoronsu a kan tarbiyya ba wasa ba ne. Sai dai har yau ina ganin an yi asara, kuma tarbiyyar ce ta fi kowa asara.

A tuna yadda aka faro sa ido a kan fim a Kano. Da aka ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000 an dakatar da fim, sai gwamnatin Kwankwaso ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001. Aikinta ta ba ɗan wasa da furodusa da mai gidan kallo lasisi, ta kuma duba fim kafin ya shiga kasuwa. Zamanin Malam Shekarau, bayan wani abin kunya a 2007, aka ɗora Abubakar Rabo a kanta, ya tsayar da ɗaukar fim na tsawon watanni. An ɗaure Adam A. Zango saboda faifansa Bahaushiya, aka ɗaure marigayi Ibro a 2008, aka ɗaure Hamisu Iyan-Tama saboda fim ɗinsa Tsintsiya. Da yawa suka tattara kayansu suka koma Kaduna, inda hannun hukumar bai kai ba. Ko a watan Mayun 2025 hukumar, ƙarƙashin Abba Al-Mustapha, ta dakatar da shirye-shirye masu dogon zango 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, saboda ba a kawo mata su ta tace ba.

Ban ce a bar fim kara zube ba. Ina da 'ya'ya mata, na san abin da ba na so su gani. Amma mai tacewa yana zaune a ofis a Kano, ana ɗaukar fim a otal da gidajen haya, a ɗora shi a YouTube, yaro a Doguwa ko Tudun Wada ya kalle shi a waya kafin jami'i ya ji labari. Da an tara 'yan fim wuri guda a Ƙofa, mai ƙofar shiga da lokacin tashi, da Hisbah da hukumar sun ga komai da idonsu tun daga lokeshan. Kafintocinmu da teloli da masu sayar da abinci kuma su samu na kai wa gida.

Wasu ƙasashen da doka suke kare fim ɗinsu. A Koriya ta Kudu dole kowace silima ta nuna fim ɗin gida kwana 73 a shekara. Mu nan ba wani kaso da aka ware wa namu, fassarar Indiya-Hausa ta cika gidajen kallo da wayoyin yaranmu, alhali rawar da aka ɗaure namu a kanta can aka koyo ta.

Abin da ya fi ci mini rai, an yi ta gardamar a rediyo da masallatan birni, mu da za a yi ginin a ƙasarmu sai dai muka ji hukunci.