Sankarar mama: me ya sa ta fi yawa a Turai, amma ta fi kisa a wajenmu?

Wataƙila kin taɓa jin ana cewa sankarar mama ciwon Turawa ce. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma kaɗan ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an gano cutar a jikin mata kusan miliyan 2.3, kuma 670,000 sun rasu. A ƙasashe mafi ci gaba, mace 1 cikin 12 ce ke kamuwa a tsawon rayuwarta, 1 cikin 71 ke mutuwa. A ƙasashe matalauta 1 cikin 27 ke kamuwa, amma 1 cikin 48 ke mutuwa. Wato masu kamuwa sun fi yawa a can, masu mutuwa sun fi yawa a nan.

Matan Faransa, Ostireliya da Amurka sukan jinkirta haihuwar fari, su haifi 'ya'ya kaɗan, su yaye da wuri. Ga giya, ga ƙiba bayan ɗaukewar al'ada, ga tsawon rai. Duk waɗannan na ƙara haɗarin. Sannan ana yi musu hoton mama a kai a kai, ana kama ƙullutu tun bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

A Najeriya kuwa, yawancin mata ba sa zuwa asibiti sai cutar ta kai mataki na 3 ko na 4. Wata kuɗi ne suka hana ta, wata nisa, wata kunya. Wata kuma an ce mata daji ba ya son allura ko wuƙa, ta shafe watanni tana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Wannan maganar ta ci rayuka da yawa. Ɗibar ɗan nama don awo ba ya watsa cutar, jira ne ke ba ta damar bazuwa.

Abu biyu kuma ya kamata ki sani. Matan Afirka ta Yamma sun fi Turawa samun wani nau'i mai saurin girma wanda ba ya jin ƙwayoyin da ke toshe sinadaran jikin mace. Kuma da yawa daga masu zuwa wajenmu ba su kai shekara 50 ba, wasu ma suna goyo, shi ya sa ake ɗauka kumburin nono ne kawai.

In kin ji ƙullutu a mama ko hammata, ko kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ki ga likita cikin makon nan, ko da babu zafi. Maigida, kai ma ka raka ta.