Gawon Gonarku Ma Amsa Ce

Shirinmu na yau na matasan Matameye ne da kewaye, Kance, Dungu, Ɗan Barto, musamman wanda aka kira ganawar ɗaukar aiki, ya duba takardar ya ga ana neman mai ilimin "lin" da "kaizen", gabansa ya faɗi.

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Kaizen kalmar Japan ce, ma'anarta gyara kaɗan-kaɗan ba fasawa. Lin kuwa rage ɓarna ce a cikin aiki. Tushensu kamfanin motoci na Toyota, bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da kamfanin ke fama da ƙarancin kuɗi har ya sallami ma'aikata a 1950. Wani injiniyansu, Taiichi Ohno, ya ƙirga ɓarna iri 7, ciki har da jira, da kai-komo marar dalili, da tara kayan da ba a bukata, da aikin da sai an sake. Wato talauci ne ya haifi dabarar. Mu kuwa ai ba sai an gabatar mana da talauci ba.

Irin wannan tambaya tana iya tarar ka a masana'anta kamar matatar mai ta SORAZ da ke arewa da Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, ko a ƙungiyar agaji mai rumbun magani da abinci. Kuskuren da yawancin masu neman aiki ke yi shi ne haddar kalmomi daga intanet, su zo su zazzage kamar karatun allo. Mai tambaya ya sha jin wannan. Abin da yake jira shi ne ka ce: na ga matsala kaza, na yi kaza, ga abin da ya canza.

Za ka ce ba ka taɓa aiki a masana'anta ba. To, leƙa gonarku. Bayan fari da yunwar 1984, manoman Magariya, Matameye da Mirriya sun riƙa barin tohon itace a gona maimakon sassabe shi ƙarƙaf. Su zaɓi reshe mai ƙarfi, su datse sauran. Gawo ya fi samun gata, don da damina yake kaɗe ganye, ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyen ya zama taki, 'ya'yan su ciyar da dabbobi. Ba a sayo inji ba, ba a ci bashi ba. A 2006 masu bincike sun ƙiyasta filin da ya farfaɗo a yankunan nan uku da wajen hekta miliyan 1. In ka taɓa riƙe lauje kana wannan datsa bayan mahaifinka, ka yi kaizen, sunan ne kawai ba ka sani ba. Faɗi haka a gaban masu tambaya, amma ka faɗi naka: itace nawa kuka bari, dami nawa kuke samu a da, nawa yanzu. Kada ka ƙara gishiri. Lambar ƙarya tambaya biyu ke kayar da ita.

Akwai wata dabarar Ohno da ake yawan gwada mutum da ita, tambayar "me ya sa" har sau biyar. A ce injin ban-ruwa ya tsaya a fadamar rake. Me ya sa? Ya toshe. Me ya sa ya toshe? Yashi ya zuƙa. Me ya sa? Bakin tiyo na kwance a ƙasan rijiya. Me ya sa? Ruwa ya ja baya, aka yi ta sassauta tiyon. Me ya sa ba wanda ya lura? Domin ba a ɗora wa kowa dubawa ba, wa yana zaton ƙane ya duba, ƙane yana zaton wa. Ka ga, da an tsaya a tambayar farko, da makaniki kawai za a kira, mako mai zuwa a sake kiransa.

Tambaya mafi wuya takan zo daga baya: in tsofaffin ma'aikata suka ƙi gyaran da ka kawo fa? Kada ka ce za ka kai ƙararsu. Wanda ya shekara 20 a kan inji ya fi ka sanin inda yake tari. Ka ce za ka tsaya kusa da shi ka kalli aikin, ka tambaye shi, "Baba, mene ne ya fi gajiyar da kai a nan?", ku fara gyara daga can.

Sauran kuwa sananne ne. Takardunka a jere, kaya masu tsabta, Faransancinka a sarari ba gaggawa. In ganawar a Damagaram take, ka kwana can. Motar tasha sai ta cika take tashi, kuma jira na cikin ɓarna bakwai ɗin nan.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.