Idan Birkin Gaba Ya Ƙi Saki: Yadda Ake Bin Sawun Matsalar A Tsohuwar Motar Kwana

Tsakanin 1973 da 1978, kamfanin General Motors ya ƙera wata mota a garin Pontiac na jihar Michigan ta Amurka, wadda aka sani da GMC Motorhome. Gida ce sukutum a kan tayoyi shida: akwai gado, akwai madafa, akwai banɗaki. An yi kusan 13,000, wasu tsawonsu ƙafa 23, wasu 26, kuma har yau akwai masu lallaɓa su suna hawa. Injin Oldsmobile Toronado ke jan tayoyin gaba biyu, waɗanda birkinsu na faifai ne, su kuwa huɗun baya na ganga ne.

Irin wannan mota zama ya fi yi mata illa a kan tafiya. Mai ita kan yi yawon hutu na 'yan makonni, sa'an nan ya ajiye ta a ƙofar gida har lokacin sanyi ya wuce. Man birki irin DOT 3 kuwa yana zuƙar danshi daga iska. Sabonsa ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a 140. Ruwan nan shi ke kwanciya a bayan fistan ɗin birki, tsatsa ta ci wurin. Ranar da aka tashi motar, sai a ji ta yi nauyi, sitiyari na fizga gefe guda, ƙaurin ƙuna na tashi daga ƙafar gaba.

A nan mutane da yawa ke ɓarnar kuɗi. A sauya kaliba, wato ƙarfen da ke matse faifai. Ba a dace ba, a sauya masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa ƙafafu. Nan ma shiru. Alhali tambaya ɗaya ce ya kamata a fara amsawa: ƙarfe ne ya cije, ko mai ne ya ƙi komawa?

Da farko a duba zafi. Bayan gajeriyar tafiya, a kusantar da bayan hannu ga kowace ƙafa ba tare da taɓa faifan ba, ko a auna da ma'aunin zafi. Idan ƙafa ɗaya ce ta yi zafi, laifin yana kusa da ita: kaliba ko tiyon roba. Idan duka biyun ne, a fi zargin abin da suka yi tarayya a kai, wato masta da abin da ke tura ta.

Daga nan sai a sa weji a tayoyin baya, a ɗaga gaba da jak, a tokare da ƙarfen tsaro mai ƙarfi, domin nauyin motar ya haura tan huɗu. A sa giya a firi, a taka birki da ƙarfi sau da yawa, a saki, a gwada juya tayar da hannu. In ta ƙi, a ɗan kwance ƙaramin notin jikin kaliba da ake fitar da iska ta cikinsa. Wannan rabin juyi na sifana shi ke raba gardama. Idan mai ya yi tsartuwa, taya ta sake nan take, to matsin mai ne ya maƙale, kaliba ba ta da laifi. Idan kuwa mai ya ɗiga kawai, taya na nan a cije, laifin na kaliba ne: ko fistan ya yi tsatsa, ko sandunan da take zamewa a kansu sun bushe. Takalman birkin da ke matse faifan ma suna ba da shaida, domin in na ciki ya cinye na waje yana nan da kauri, alama ce kalibar ba ta zamewa.

In matsin mai ne, sai a bi bututu a yi sama, gaɓa bayan gaɓa. A sake taka birki, a kwance mahaɗin da ke saman tiyon roba. Idan taya ba ta saki a nan ba, alhali ta saki a ƙasa, tiyon ne. Tsohon tiyo yakan ruɓe ta ciki, wajensa kuma sumul. Ƙarfin ƙafa yana tura mai ya wuce, amma wajen dawowa ɓawon robar ya toshe hanya, kamar ƙofar da ke buɗewa ta fuska ɗaya.

Idan har a bakin masta ma tayar ta saki, akwai wata 'yar ƙaramar huda a cikinta wadda mai ke komawa tanki ta nan. Datti na iya toshe ta, ko kuma sandar da ke fitowa daga busta, wato abin da ke tura masta, ta yi tsawo har fistan bai koma mazauninsa ba. A sassauta notuna biyun da ke riƙe masta. In birki ya saki, sandar ce ke bukatar saiti. A duba kuma robar murfin tanki. In ta kumbura ta yi laushi, an taɓa zuba man inji ko na sitiyari bisa kuskure, kuma duk wata roba da ke cikin birkin sai an sauya ta.

Wannan matsala ba abar ɗaga ƙafa ba ce. Birkin da ya ƙi saki yana dafa giris ɗin boris, yana tafasa mai har feda ta nutse ƙasa a kan gangara da iyali a ciki. Wannan hanyar bincike kuma ta shafi kowace tsohuwar mota mai birkin mai da ta daɗe a ajiye. A sauya man birki duk shekara biyu, a sauya tiyo da kaliba hagu da dama tare, a riƙa motsa motar ko da sau ɗaya a wata. Mai karatu, kafin ka biya kuɗin sabon kaya, ka ce wa bakanike ya kwance notin fitar da iskar nan a gabanka tukuna.