Sassabin Zamani: Yadda Taimako Ya Ɗore a Ƙauyukan Maraɗi

Duk wanda ya zauna a ƙauye ya san yadda taimako yakan zo, ya kuma san yadda yakan tafi. Mota za ta iso da baƙi, a tara jama'a a ƙofar mai gari, a haƙa rijiyar burtsatse ko a raba dashen itatuwa, a kafa allo da sunan waɗanda suka bayar. Bayan shekara biyu famfo ya lalace, awaki sun cinye dashen, allon ne kaɗai ya rage a tsaye. In ka tambayi wanda zai gyara, sai a ce maka, "Ai na masu aikin ne, ba su dawo ba."

Wannan ne ya sa ƙungiyoyin agaji suke yawan maganar ci gaba mai ɗorewa. Abin da ake nufi shi ne aikin da mutanen gari za su iya riƙewa da hannunsu bayan baƙi sun tafi, wanda kuma ba ya cinye ƙasa da ruwa da itatuwan da 'ya'yansu za su rayu a kai. Akwai wuri kusa da mu inda aka ga irin wannan aiki ya kama ƙasa. Wurin shi ne jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, wadda in ka bi hanyar Katsina ka wuce Jibiya za ka shige ta. Hausa suke yi, gero da dawa da wake suke nomawa kamar mu a Bagwai, sai dai ruwan samansu bai kai namu ba.

Yadda gonakin suka tsiraita

Kafin 1980, yawancin gonakin Maraɗi sun zama fili fetal. Dalilan suna da yawa. Jama'a sun ƙaru, an daina barin gona ta huta. An daɗe ana koya wa manoma cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share ƙarƙaf, musamman saboda noman gyaɗa da garmar shanu. Farin da ya kai maƙura a 1973 ya kashe itatuwa da dabbobi, ya kuma tilasta wa mutane sare sauran su sayar don su sayi hatsi. Sannan dokar daji da aka gada daga Turawan Faransa ta mai da itace na gwamnati, ko da a gonarka ya tsiro. Mutum yana iya shan tara don ya sare reshe a gonar ubansa. To, wa zai raini abin da ba nasa ba, wanda kuma zai iya jawo masa tara?

Da itatuwa suka tafi, sai iska ta sami hanya. Yashi yakan binne shuka tun tana ƙarama, manomi ya sake shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya. Mata sukan yi tafiya mai nisa neman itacen girki, in ba su samu ba su ƙona kara da kashin shanu, wato takin da ya kamata ya koma gona.

Abin da mishan ta gwada da farko

Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda ikkilisiyar ECWA ta fito daga aikinta a 1954, tana da shirin raya karkara a Maraɗi. A 1981 wani masanin noma ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya zo aiki a shirin. Ya fara da abin da kowa yake yi a lokacin: a reni dashe a lambu, a loda a mota, a kai ƙauyuka a dasa. An kashe kuɗi, an sha wahala, amma yawancin dashen ya mutu. Rana ta ƙona wasu, gara da awaki suka gama da sauran. Manoma ma ba su damu ba, domin ba su ne suka nema ba.

A 1983, yana kan hanyar kai dashe, ya tsaya rage iskar taya don motar ta iya ratsa yashi. Sai ya lura da ƙananan tsire-tsiren da ke warwatse a gonaki, waɗanda ake sassabewa kowace bazara. Da ya duba ganyensu sai ya gane tohon itatuwa ne da aka sare tun da daɗewa. Kututturen yana nan da rai, saiwarsa ta yi nisa cikin ƙasa inda danshi yake. Kowace shekara yana toho, kowace shekara ana sare shi a ƙone. Ashe itatuwan da ake wahalar kawowa daga lambu suna nan a gonar tun tuni.

Yadda ake yin sa

Manoman Nijar suna kiran wannan dabara sassabin zamani. Lokacin sassabe, manomi yakan zaga gonarsa ya zaɓi kututturan da yake so su zama itatuwa, kamar kalgo, sabara, magarya, aduwa ko gawo. A kowane kututture yakan bar toho mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ya cire sauran. Waɗanda ya bari yakan rage musu rassan ƙasa zuwa kamar rabin tsayinsu. Ana amfani da adda ko gatari mai kaifi, ana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Bayan 'yan watanni a dawo a cire sabon tohon da ba a so. Da yake saiwar ta riga ta kafu, tohon yakan girma da saurin da dashe ba ya yi, ba ya kuma bukatar ban ruwa. Abin da aka cire ya zama itacen girki, ganyen ya zama taki ko abincin dabbobi.

Ku lura da cewa babu abin saye a cikin wannan duka. Babu iri, babu inji, babu mai. Talaka da mai hali duka suna da adda.

Darasin rabon abinci

Manoma kamar goma ne suka fara yarda su gwada. An yi musu dariya, an ce ragwaye ne masu ƙazamar gona, wasu ma aka sace musu itatuwan da dare. Sai ga yunwar 1984. Mishan ta shirya rabon hatsi a madadin aiki a ƙauyuka kusan 100, ta sa barin itatuwa a gona ya zama sharaɗi. Ta haka aka raini itatuwa wajen 500,000. Amma da aka daina rabon abinci, kusan kashi biyu cikin uku aka sare. Masu sarewar don hatsi suka yi aikin, hatsi kuma ya ƙare.

Sauran da suka bar nasu su ne suka ɗauki aikin suka kai shi gaba. Sun ga geronsu bai ragu ba, sun ga iska ta daina binne shuka, sun sami itacen sayarwa a lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Maƙwabci ya gani ya tambaya, wanda ya je cin rani ya kai labari wani gari. Daga nan dabarar ta riƙa tafiya daga manomi zuwa manomi, har wuraren da ma'aikacin mishan bai taɓa takawa ba.

Abu na biyu da ya taimaka shi ne maganar mallaka. Ma'aikatan shirin sun nemi jami'an gandun daji su sassauta, a bar manomi ya amfana da itacen da ya raina. A hankali dokar ƙasa ma ta bi baya, da dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar daji ta 2004. A wasu garuruwa, kamar Ɗan Saga a yankin Agye, jama'a sun kafa kwamiti da ya haɗa maza da mata da makiyaya, suka yi wa kansu ƙa'ida a kan satar itace, suka kuma tsaya a kanta.

Masana da suka kwatanta hotunan sama na da da na baya, irin su Chris Reij da Gray Tappan, sun ƙiyasta a 2009 cewa gonaki hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200, da ƙarin hatsi kimanin tan 500,000 a shekara. Ba mishan kaɗai ta yi wannan ba. Wasu shirye-shirye sun sa hannu, kuma a yankin Damagaram manoma da yawa da kansu suka koma ga renon gawo. Rinaudo ya koma ƙungiyar World Vision a 1999, aka kai dabarar wasu ƙasashe, har da Humbo a Habasha.

Mu a Bagwai fa?

Wani zai ce ai mu ƙasarmu ba ta tsiraita haka ba. Gaskiya ne. Karkarar Kano tana cikin wuraren da aka fi cunkoso a Afirka ta Yamma, kuma iyayenmu sun daɗe suna noma gona ɗaya kowace shekara ba ta mutu ba, saboda takin gida da suke kaiwa a mangala, da haɗa gero da wake, da barin ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo a tsakiyar gona. Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana nuna wa duniya cewa yawan jama'a bai hana manoman Kano riƙe itatuwansu ba. Kowane dattijo ya san gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana, kuma hatsin gindinsa ya fi kyau.

Amma ka zaga gonarka ka ƙirga. Manyan itatuwa nawa ne, ƙanana masu tasowa nawa? In duk tsofaffi ne, to ana cin gadon kakanni ba a ajiye wa jikoki komai ba. Gonaki suna ƙanƙancewa da rabon gado, takin zamani ya yi tsada, masu gawayi suna bin manyan itatuwa da kuɗi a hannu. Madatsar ruwa ta Watari albarka ce ga masu noman rani, amma yawancin gidaje da gonar tudu suka dogara, kuma a can ne wannan dabara take da amfani.

Tana da iyakarta. Inda aka tumɓuke kututture gaba ɗaya, sai an koma ga dashe ko renon abin da ya tsiro daga iri. Mai noman gonar aro ko ta haya ba zai raini itace ba sai an yi magana a fili a kan wanda zai amfana. In kuma ba a zauna da mai unguwa da makiyaya da maƙwabta Musulmi an yi shawara ɗaya ba, abin da mutum ɗaya ya raina wani zai sare. Iska da zaizayar ƙasa ba su san iyakar gonar kowa ba, saboda haka aikin na gari ne gaba ɗaya.

Tambayoyi huɗu kafin a karɓi kowane aiki

Labarin Maraɗi ya ba mu ma'auni da za mu auna duk shirin da aka kawo mana, ko daga ƙungiyar waje, ko daga gwamnati, ko daga ikkilisiyarmu. Wa ya ce wannan ita ce bukatarmu, mu ko baƙi? Me muke da shi a hannu da aikin zai tsaya a kai? In ya yi amfani, na wa ne amfanin, kuma mata da gwauraye suna ciki? Ranar da mota ta daina zuwa, wa zai ci gaba, kuma da wane kuɗi? Ƙungiyar kirki ba ta jin haushin waɗannan tambayoyi. A lokacin yunwa dole a ba mai yunwa abinci, kuma mishan ta yi daidai da ta raba hatsi a 1984. Sai dai a san cewa abin da aka yi don kyauta yakan tsaya in kyautar ta tsaya.

Ikkilisiyoyi da yawa a ƙauye suna da gona. Dattawa za su iya ware wani sashe a bazarar nan, a zaɓi kututture ashirin ko talatin, matasa su gyara, zumuntar mata ta faɗi irin itatuwan da suka fi amfani a gida, tun da su ne suka san wahalar itace. A gaya wa mai gari tun kafin a fara. A bar gonar a inda masu wucewa za su gani, kada a roƙi kowa ya kwaikwaya. Bayan damina biyu ko uku, masu tambaya za su zo da kansu. Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon abin da ya danƙa a hannunmu.