Me ya sa muryar jita ke ɓacewa da zarar ganguna sun ɗauka?

Mai jita zai zauna shi kaɗai a ɗaki ya yi ta murɗa amfilifaya har sautin ya yi masa daɗi, ga kauri a ƙasa ga zaƙi a sama. Ranar biki a zangon Salaga ko Bawku, da makaɗa sun ɗauka sai jitar ta koma kamar kukan sauro, ko a daina jin ta gaba ɗaya. A nan ne ake zargin na'ura, har yaro ya fara tara sidi don ya sayi wadda ta fi ta girma. Sau da yawa na'urar lafiyarta ƙalau. Abin da ya canja shi ne sautukan da ke kewaye da ita, da yadda kunnen ɗan Adam ke aiki.

Ana auna kaurin sauti da yawan girgizar da yake yi a daƙiƙa ɗaya, sunan ma'aunin hez. Tsirkiyar jita mafi kauri tana girgiza sau 82, mafi siriri kuma kusan sau 330 in ba a danna ta ba. Ta jitar bes tana sauka har 41. Bayan wannan, kowace tsirkiya tana fitar da wasu ƙananan sautuka a saman nata, su ne ke bambanta jita da goge ko da waƙa ɗaya suke bi. Lasifikar jita tana ɗaukar su zuwa wajen hez 5,000, daga nan ta sake su.

To, idan sautuka biyu suka haɗu a mataki ɗaya, mai ƙarfin yana danne mai rauni, kuma mai kauri ya fi iya danne siriri. Kaurin nan da mai jita ya ji daɗinsa a ɗaki, a fili na bes ne da babbar ganga, ba zai taɓa cin su ba. Zaƙin sama kuma caki da farantan ƙarfen ganguna sun mamaye shi. Abin da ya rage masa shi ne tsakiya, daga wajen hez 500 zuwa 2,000, ita ce kuwa yara suka fi son ragewa saboda jita ita kaɗai ta fi laushi a haka. Wanda ya rufe makunnin da aka rubuta wa Middle ya bar Bass da Treble a sama, ya ba da gonarsa ne ya tafi noma ta maƙwabci. Ba banza ba ɗan akwatin nan Tube Screamer na kamfanin Ibanez ya yi suna: yana rage kauri, ya tura sautin wajen hez 700 gaba.

Sai dai wannan shawarar an gina ta ne a kan kiɗan Turawa, a namu ba ta wadatar ba. A Yendi, fadar Ya Na, lunga ɗan'uwan kalangu ne, yana hawa yana sauka kamar mai magana, a tsakiyar yake yawo. Gonje, wato gogenmu, nan yake zaune. Muryar mawaƙi ma nan. Gungon kuwa yana da kauri, ga kuma tsirkiyar da aka ɗaura masa a kan fata tana zuza a sama. Jitar da ta shiga irin wannan taro ba ta da fili nata na kanta, don haka murɗa makunni rabin magani ne. Sauran yana hannu: a bar kaɗa tsirkiya shida a tare, a haura wuyan jita a ɗauki biyu ko uku, a shiga inda kalangu ya numfasa. Masu jitar hailaif na kudancin Gana sun daɗe da gane haka. Kologon King Ayisoba, ɗan jiha ɗaya da mutanen Bawku, tsirkiya biyu gare shi, amma ba ya ɓata cikin ganguna saboda kaifin bugunsa.

A ganina a nan ne yawan gurnani ke cutar da yaranmu masu kwaikwayon Bombino da Mdou Moctar na Nijar. Gurnanin amfilifaya yana matse sauti, ya daidaita farkon bugu da ƙarshensa, alhali da farkon bugun kunne ke gane jita cikin hayaniya. Rage shi, rage amsa-amon da ake ƙarawa, za ka ji ka fito.

Shi ma kunne ba ma'auni ne mai adalci ba. A 1933 wasu masana biyu a Amurka, Fletcher da Munson, sun nuna cewa idan sauti ya yi ƙasa ba ma jin kaurinsa sosai, idan ya yi ƙarfi sai kaurin ya bayyana. Kaurin da ka ƙara da daddare don kada ka tashi maƙwabta, shi zai zama ruri da laka a wajen biki. Shi ya sa ba a daidaita amfilifaya sai a ƙarfin da za a yi wasa da shi, makaɗa suna bugawa.

Wuri ma yana da nasa. A ɗaki bango na dawo maka da sauti. A ƙarƙashin rumfar biki babu bango, duk lokacin da nisa ya ninka sai ƙarfi ya ragu da desibel 6, jikin jama'a kuma yana shanye siraran sautuka. Su siraran nan a miƙe suke fita daga bakin lasifika kamar hasken tocila. Idan amfilifaya tana ƙasa, gwiwarka ce ke jin su, sai ka yi ta ƙara zaƙi kana huda kunnen waɗanda ke layin gaba. Ɗora ta a kan kujera, ko ka jingina ta tana kallon kanka.

Zargin janareta yana da gaskiya a wani lokaci, don idan wuta ta yi ƙasa da bolt 230 da na'urar ke so, takan fara karyewa da wuri. Amma batun sayen babba, lissafin bai goyi baya ba. Daga wat 50 zuwa 100 desibel 3 kawai za ka ƙaru. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, ana bukatar kusan desibel 10, wato wat 500. Kafin a kai can, mai bes ya ƙara nasa, mai ganga ya ƙara hannu, mawaƙi ya shaƙe, kuma uwar amarya da ta biya kuɗin kiɗa ba ta ji an ambaci sunanta ba.