Direba, kada cunkoson Jimeta ya tayar maka da hankali

In ka taɓa jan tirela daga Girei ka haye gadar Jimeta da tsakar rana, ka san yadda gaba ke faɗuwa. Keke Napep na kutsowa ta kowane gefe, na baya na danna maka hon, ga zafin Afrilu da kan haura digiri 40. Zuciya ta shiga bugawa da sauri, hannu ya jiƙe da gumi, sai ka taka birki a firgice, nauyin da ke baya ya turo ka.

Natsuwa tana farawa tun kafin ka tashi. Duba mahaɗi da birki da fitilun baya, ka kama hanya da sassafe, ka riƙe ruwan sha. Rage goro da lemon ƙara kuzari, suna ƙara bugun zuciya.

A cikin cunkoso, bar tazara mai yawa, ka ja numfashi a hankali ka sauke shi a hankali. Mai hon ya yi ta yi. Iyalinka kai suke jira.

In ka ji jiri ko ciwon ƙirji, sami gefe ka tsaya, a kai ka asibiti.